Faifan Ɗakin Sanyi

Yanzu da garin nan ya cika da allunan talla, ana shelar wane zai yi wasa ranar kaza, su wane za su hau dandamali ranar kaza, sai in bi ta ƙarƙashinsu da mota in ja tsaki. Ba kiɗan nake jin haushi ba, ko kaɗan. Shekara ukun nake jin haushi. Shekara uku kacal ke tsakanin abin da zan ba ku labari da wannan shagalin da ake yi a fili, har da masu gyara wa mutane layin shiga.

Sunana Talle, mutumin Funtuwa, direban gida a unguwar Badi'a, nan Riyad. Shekarata goma sha ɗaya ina jan motar kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, take da sunansa. In kai yara makaranta, in kai Madam kasuwa, in kai tsohuwar kafilin asibiti. Duk wanda ya ce muku aikin direba tuƙi ne, wallahi bai taɓa yi ba. Jira ne aikin. Ka jira a bakin asibiti, ka jira a bakin kanti, ka jira a bakin gidan biki har ƙafarka ta yi tsami. Jiran nan ne ya jefa ni cikin kiɗan rok, ni da a gida ko kalangu ban cika tsayawa kallo ba.

A haraj abin ya fara, kasuwar tsofaffin kaya. Akwai wani lungu inda ake zube tarkacen baƙin da suka tattara suka bar ƙasar: tukwane, takalman yara, littattafai, da kwali-kwali na faifan sidi da babu mai so. Wata rana na ɗauki ɗaya don kawai hoton bangonsa ya ba ni dariya, wasu ƙarti huɗu sun tsaya gaban mataccen tarakta cikin ƙanƙara, kowa fuska a murtuke. Na sa a mota ina jiran tsohuwa a asibiti. Kai! Da farko na ɗauka lasifikar ce ta lalace. Har na miƙa hannu zan cire, sai hayaniyar ta lafa, jita ɗaya ta rage ita kaɗai tana kuka a hankali, irin kukan goge in mai shi ya gaji da taro ya koma yi wa kansa. Ban cire ba. Da tsohuwa ta fito sai da ta ƙwanƙwasa gilas sau biyu kafin na gan ta.

Daga nan na zama ɗan lungun. Ban san sunayen ƙungiyoyin ba, wasu ma rubutun ba na boko ba ne, ba na Larabci ba. A can na haɗu da Abdulwahid. Na ɗaga wani faifai ina jujjuyawa, sai na ji an ce a bayana, da Hausa:

"Aje wannan, ɗan'uwa. Mai gangarsu barci yake."

Na waiga. Dogo ne siriri, da rigar aiki mai tabon siminti, da abin gwada wuta a aljihun gaba. Mutumin Tawa ne a Nijar, aikin wayar lantarki yake a wani kamfanin gini. Na ce masa, "To malam, kai da ka sani, wanne zan ɗauka?" Ya tsuguna ya shiga tona kwalin da yatsunsa masu kanta a baki.

"Kak ka ɗauki wanda fuskar mawaƙi ta cika bango," in ji shi. "Wannan ya riga ya ƙoshi. Nemi waɗanda sunka tsaya nesa, suna kunyar mai hoto. Su ne har yanzu suke jin yunwa."

Ya zaɓar mini uku. Ɗaya na wasu mata ne 'yan Indunusiya, ɗaya na wasu Turkawa da ya ce faifai ɗaya tak suka yi suka watse, na ukun kuwa ko bango ba shi da shi, an dai rubuta shekara a kai da alƙalami. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu haɗu a lungun, mu yi ta gardama. Ni in ce wannan ya yi, shi ya ce ban da kunne. Mutum ne mai raina kunnen mutane, Allah ya jiƙansa, kuma abin haushin yawanci shi ke da gaskiya.

Sai da muka yi wata huɗu a haka kafin ya yarda da ni. Ya ce, "Talle, ka taɓa jin abin nan da rai? Ba a faifai ba, a gabanka?" Na ce a ina, a Riyad? Ya ce in zo da mota Juma'a mai zuwa, da an yi la'asar, kuma in bar surutuna a gida.

A lokacin ba a yin irin wannan taro a fili. Baƙo irina in aka same shi a wurin da bai kamata ba, ba a doguwar magana, kafili zai ji, kuma sai jirgin komawa gida. Saboda haka wurin da suka samu sai da na yi dariya. Wani sito ne na kajin ƙanƙara a can kudancin gari, wajen masana'antu. Cikinsa akwai ɗakunan sanyi guda biyar, ɗaya injinsa ya mutu. Rodel, ɗan Filifin mai gyaran firji na kamfanin, shi ke riƙe da makulli, kuma shi ne mai ganguna. Ya gaya wa mudir, wato manajansu, cewa kayan gyaran suna hanya daga waje. Kayan nan shekararsu biyu a hanya.

Bangon ɗakin kaurinsa ya kai kamu ɗaya, duk soso ne da ƙarfe. In aka rufe ƙofa, ko harbi aka yi a ciki na waje ba zai ji ba. A bakin ƙofa akwai wata kula ta askirim, kowa ya jefa wayarsa ciki kafin ya shiga, babu hoto, babu ɗauka, babu wanda ya fi ƙarfin dokar. Mu wajen ashirin ne: 'yan Sudan, 'yan Nepal, Bangalawa, 'yan Filifin, da Larabawa biyu 'yan gari da ke cire hiramin kansu su cusa a aljihu. Ɗakin sanyi ne a suna kawai. Ba iska, ba taga. Waƙa uku ake yi a buɗe ƙofa kowa ya sha iska, a sake rufewa. Kafin kiran magariba an naɗe komai, an mayar da gangunan bayan kwalayen kaji. Ƙungiyar ba ta da suna, sai muke ce musu 'yan Bayan La'asar.

Su uku ne. Rodel a ganguna, Mu'utasim ɗan Sudan da babbar jita mai kaurin murya, sai Abdulwahid a gaba da ƙaramar jita. Ranar farko da Rodel ya buga sandunansa sau huɗu suka faɗa ciki gaba ɗaya, na rantse muku sai da na dafa bango. Abin ba a kunne yake shiga ba, a ƙirji yake shiga, har maɓallin rigata na ji yana rawa. Kuma mutumin nan da na saba gani yana tsugune yana tonon kwali, sai ga shi ya miƙe ya zama wani daban. Ya runtse ido, ya karkata kai, yatsun nan suna gudu a kan tsirkiya, sannan ya buɗe baki ya yi waƙa da Hausa. Da Hausa fa! A tsakiyar sito, a tsakiyar kajin Barazil, ga Bangali a gefena yana tsalle bai san me ake cewa ba, ni kuwa na san kowace kalma. Waƙar layin sabunta iƙama ce, yadda mutum ke tsufa a kan layi. Na yi dariya, na yi ihu, daga baya na ga ina share ido da hular kaina. Na ji daɗi ranar nan irin wanda ban ji ba tun da na sauka a ƙasar.

Na yi shekara guda da wani abu ban fasa Juma'a ko ɗaya ba, sai ranar da Madam ta tsiro da ziyara. Waƙoƙinsu bakwai ne nasu na kansu. Akwai ta rijiyar garinsu da ta ƙafe, akwai ta wani kare da ke bin motar kamfani kullum da safe. Wadda na fi so ita ce ta huɗu, ta 'yarsa Biba. Shekararta biyar, sau biyu ya taɓa ganin ta. Ta kira shi a waya ta ce haƙorinta ya fita, ta ce ya duba, tana nuna wa wayar da ba ta da kyamara. A waƙar yana ce mata, na gani, Biba, na gani, babba ne. Haka kawai yake ta maimaitawa, jitar tana hawa tana hawa har sai ka ji kamar rufin zai tsage.

Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, kafin a tsaya don azumi, Mu'utasim ya zo da wata tsohuwar na'ura da ke rubuta sauti kai tsaye a kan faifai. Aka yi shawara, aka yarda a karya doka sau ɗaya. Suka buga bakwai ɗin a jere, ranar ko ƙofa ba a buɗe ba, muka jiƙe sharkaf. Da aka gama ta huɗu ban san lokacin da na kwarma ihu ba: "Kai! Allah ya bar mu da kai, ɗan Tawa!" Ihun ya shiga faifan, suka yi ta yi mini tsiya wai na ɓata musu aiki. Faifai ɗaya ya fito. Aka ce ni zan ajiye, tunda ni ke da mota, kuma babu mai buɗe aljihun motar direba. Bayan salla Rodel zai zana bango, a buga talatin a raba. Abdulwahid ya ce a hoton za su tsaya nesa.

Ranar tara ga azumi, da hantsi, ya faɗo daga hawa na uku a wurin aiki. Mu'utasim ne ya kira ni, ina bakin makarantar yara. Ya ce, "Talle, sahibinka ya faɗo." Na ce wane asibiti? Ya ce ba asibiti ba.

Kwana goma sha tara gawar tana jiran takardu, sa hannun iyali daga Tawa, sa hannun ofishin jakadanci, sa hannun kamfani. Ni da ba dangi ba, ba kafili ba, ba ni da bakin magana a ko'ina, sai dai in je in tsaya in dawo. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi. Kun san kaburburan nan, ba suna, ba allo, dutse a kai dutse a ƙafa. Na ƙirga a zuciyata, layi na huɗu daga katanga, na goma sha ɗaya. Bayan sati uku na koma, na tarar an ƙara layuka, an share hanya ta wani gefen, na rasa ta inda zan fara ƙirga. Na yi addu'a a kan wani kabari da nake zato, na tafi.

Ƙungiya ta watse ba tare da kowa ya ce ta watse ba. Kwangilar Rodel ta ƙare aka buga masa fita ta dindindin. Mu'utasim kamfaninsa ya mayar da shi Dammam. Sabon mai gyara ya zo, cikin kwana biyu ya tayar da injin ɗakin, aka cika shi da kaji. Ni kuwa na koma jira, sai dai yanzu faifai ɗaya nake sawa. A bakin asibiti, a bakin kanti, in rufe gilas in ƙara murya, ga Abdulwahid nan da ransa, yana gyaran murya kafin ta uku, yana ce wa Rodel "yalla", wato mu je.

A Ulaisha nake kwana, ɗaki ɗaya da wani dattijo, Mahamadu, mutumin Gumel, mai tsaron baƙala, wato kantin kayan masarufi. Mutumin kirki ne, ba ya shiga harkar kowa, kuma yana cikin waɗanda suka shiga wankan gawar Abdulwahid. Wata rana na rage masa hanya zuwa kasuwar Bataha, na manta faifan yana ciki. Ya saurara har waƙa ta ƙare.

"Muryar marigayi ce wannan?"

Na ce ita ce, Baba.

Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Talle, ka san abin da malamai ke cewa. Mutum in ya bar abu a bayansa, ana ci gaba da rubuta masa. In rijiya ce, duk wanda ya sha. In kuma irin wannan ne, duk wanda ya ji. Shi yanzu ba shi da hannun da zai kashe. Hannunka ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Mutumin da bai taɓa barin salla ta wuce shi ba? Waƙar 'yarsa ce fa, haƙori ne ya fita, ina zunubi a haƙori?" Ya ce shi bai ce ya sani ba, abin da ya ji ne ya faɗa, Allah ne masani. Ya sauka ya yi mini godiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar yatsana ya yi nauyi. In na kai hannu zan kunna sai in ga layukan nan marasa suna. Na samu wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a jami'a na tambaye shi, ya jero mini maganganun malamai, waɗannan sun haramta, waɗancan sun sassauta, ya ce mas'ala ce mai saɓani. Na gode masa. Saɓanin bai sauke mini komai ba. Wata rana in kunna, wata rana in kasa, in na kunna kuma in bi da istigfari, nawa da nasa.

Ana nan sai matarsa ta kira, Mariamou. Na taɓa gaisawa da ita sau biyu a wayarsa, kuma ni na haɗa kayansa na aika. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta ce, "Malam Talle, Baban Biba ya ce mini akwai wani faifai da anka yi kafin azumi. Yana wurinka?"

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, alhamdulillahi, ga mai shi ta zo, nauyi ya sauka. Na ce, "Yana nan, Maman Biba, lafiya lau. Akwai mai zuwa Yamai wata mai kamawa, zan naɗe shi da kyau in ba shi."

"A'a," in ji ta. "Ba aikowa za ka yi ba. So nike ka fasa shi."

Na ce me?

Ta ce limaminsu ya yi magana a wurin sadakar arba'in, kuma tun ranar uwar marigayi ba ta barci, kullum tana tambaya ko an bar wani abu a can. Na fara kawo mata zancen ɗalibin Zariya, saɓani, malaman da suka sassauta. Ta bar ni na gama.

"Malam Talle, ni ban yi karatu ba. Amma ka duba. Ban yi jinyarshi ba. Ban gan shi ba. Ban san inda anka sa shi ba, kai ma da kake can an ce ba ka sani ba. Mata suna yi ma mazansu abubuwa in sun mutu, ni mi na yi mishi? Wannan ɗaya ne ya rage da zan iya. In babu laifi a ciki, bai yi asarar komi ba. In akwai fa?"

Ta ce in rantse mata da Allah babu wani kwafi, kuma ba zan yi wani ba. Mace tana cikin takaba, tana kuka a kunnena daga wata ƙasa. Na rantse. Abin da na iya roƙa kawai shi ne ta bar ni zuwa Juma'a.

Na san abin da za ku ce, me ya hana ka kwafa a ɓoye, wa zai sani? Kada ku ɗauka ban yi tunanin ba. Ranar Laraba na je Bataha da faifan a aljihu, har cikin shagon masu kwamfuta. Bangalin mai shagon ya miƙo hannu ya ce, "Kam nusha, sadik?", wato kwafi nawa. Na tsaya ina kallon hannunsa. Minti biyu ne aikin. Amma da sunan Allah na rantse, ba da sunan kafili ba, kuma idan maganar Mahamadu gaskiya ce, to na ƙara wa mutumin kaya na kuma ɗora wa kaina. Na ce masa "maalesh", wato ya yi haƙuri, na fito. A ranar kuma saƙon Rodel ya shigo daga garinsu, wai ya gama zanen bangon, in turo masa waƙoƙin yaransa su ji. Ya haɗo da hoton zanen, mutum uku can nesa a bakin ƙofar sito. Har yau ban ba shi amsa ba.

Juma'a bayan la'asar na tuƙa zuwa kudancin gari, na tsaya a gefen titi daura da siton. Ban san me ya sa can ba, ƙafata ce ta kai ni. Na loda kati na kira ta.

"Ga ni, Maman Biba. Yana hannuna."

Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ban taɓa jin shi da mutanen nan ba. A gida shi kaɗai yake yi, a ɗaki, kar tsohuwarshi ta ji. Ka sa mini sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Wannan a kaina za a rubuta, ni na ce."

Na sa faifan, na kara wayar a bakin lasifikar ƙofa, na sunkuya a haka har bayana ya ƙage. Rodel ya buga sandunansa sau huɗu. Ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Kukan akuya nake ji can bayanta. Da ta uku ta kusa ƙarewa na tsayar, na ɗauki wayar.

"Mai zuwa ta Biba ce. Don ita ya yi. Don Allah ki kira ta."

"Na aike ta gidan ƙanwata tun da rana."

"To mu jira ta dawo. Ko gobe. Maman Biba, muryar ubanta ce, da sunanta a ciki!"

"In ta ji yau, gobe za ta ce in sake sa mata. Jibi ma haka. Mi zan ce mata, ni na sa anka fasa? Sa kawai, Malam Talle."

Na sa. Na gani, Biba, na gani, babba ne. Jitar ta hau, ta hau, ni ina riƙe da waya a bakin ƙofar mota, yarinyar tana can gidan ƙanwar uwarta tana wasan ƙasa. Da waƙar ta ƙare sai ga ihuna ya fito, tas, kamar yanzu na yi shi. Na ji ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci.

"Wane ne wannan mai ihun?"

"Ni ne."

"Allah sarki," in ji ta. "Bai bar muna shi ba."

Ana tsakiyar ta biyar layi ya yanke. Na sake kira, na ce bari in mayar baya. Ta ce a'a, sau ɗaya munka ce, ci gaba daga inda yake. Haka ta rasa rabin waƙar rijiya. Ta bakwai ta ƙare da tafi da muryar Mu'utasim yana cewa a buɗe ƙofa za mu mutu, sai shiru. Faifan ya fito da kansa daga cikin na'urar.

"To," in ji ta. "Ina saurare."

Ashe faifai ba ya fasuwa da sauƙi. Na lanƙwasa, ya lanƙwasu ya dawo. Na sake, ya yi fari a tsakiya amma ya ƙi. Na ji kaina ina cewa, kin gani, ya ƙi, kamar wannan hujja ce. Na naɗe shi cikin tsumman goge mota, na ajiye wayar a cinyata, na sa hannu biyu da dukkan ƙarfina. Ya yi ƙara ɗaya, ƙaras, ba ma mai yawa ba.

"Kin ji?"

"Na ji. Allah shi saka maka. Allah shi kai haske kabarinshi."

Na ce amin. Ta kashe. Na zauna da tsumma a hannu, motocin kaji suna shiga suna fita, har wayar ta sake ƙara, Madam ce, wai ina na shiga, a zo a kai ta gidan yayarta kafin magariba. Na ce ga ni nan.

Na daina zuwa haraj. Sauran faifan suna nan a jaka ƙarƙashin gadona, Turkawan da matan Indunusiya da masu tarakta, ban iya sa su ba, don kowanne da gardamar da muka yi a kansa. Amma in ina jira a bakin makaranta sai in tsinci kaina ina yin waƙoƙinsa a cikin maƙogwaro, baki a rufe. Shekarar farko bakwai ɗin duk suna nan. Daga baya ta karen ta tafi, ta layin iƙama ta bi ta, wasu kuma suka cakuɗe da juna har ban san wacce ce wacce ba. Bana da na duba, biyu suka rage, sai amshin ta Biba, ita ma hawan jitar ya fara kuɓuce mini. Ban tambayi Mahamadu ko wannan ma ana rubuta wa marigayi ba, kuma ba zan tambaya ba.